Goggo Ta Rasu Ba Ta Faɗa wa Kowa Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Hambali Muhammad Auwal na unguwar Dala yake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar abokiyar zamansa Goggo, kwamfutar da ta shekara bakwai a ɗakin soron gidansu tana yi wa jama'a hidima ba gajiyawa. Ta rasu ranar Talata, tsakanin la'asar da magariba, a tsakiyar daminar bana. Ba za a iya faɗin ainihin lokacin ba, domin ita ce mai rubuta lokacin komai a gidan, kuma nata ba ta samu damar rubutawa ba.

Ana neman afuwar jama'a saboda jinkirin wannan sanarwa, wadda ke fitowa kwana tara bayan rasuwar. Mai mamaciyar ya yi kwanciya a asibiti, jiya aka sallamo shi. Ban da haka, wadda ta saba yaɗa labarin mutuwa a unguwar nan cikin ƙiftawar ido ita ce ta mutu, kuma lambobin wayar mutum ɗari shida da 'yan kai sun tafi tare da ita. Shi ya sa za ku ga takardar nan rubuce da biro, manne a bangon masallaci.

An haifi marigayiya a wata ƙasa mai nisa. Ta yi ƙuruciyarta a wani ofishin da ba ta taɓa ba da labarinsa ba, sannan ta iso Kano cikin kayan gwanjo, da tabo a gefenta na hagu da ƙafa ɗaya a karye. Ranar da Malam Hambali ya kawo ta, mai adaidaita ya sauke su a bakin titi ya ce lungun ba zai shigu ba. Malam ya naɗe hularsa ya yi gammo, ya ɗora ta a ka, ya ratsa lungu huɗu mutane suna kallo. Ya sa mata rabin bulo a madadin ƙafar, kuma a kan bulon nan ta tsaya har ƙarshen rayuwarta. Sunan Goggo kuwa ya samo asali ne daga yadda take tashi. Idan an kunna ta sai ta yi "ɗit" sau ɗaya, ta ja dogon numfashi, "fuuu", sannan ta yi ta ƙananan gunaguni kafin ta kama aiki, sak ƙanwar mahaifinsa idan an tashe ta da asuba.

Da yawa daga cikin waɗanda suka amfana da ita ba su san aikinta ba, don haka ya kamata a faɗa ko a taƙaice. Malam Hambali yakan rubuta ƙananan ayyuka, kowanne layi ashirin ko talatin, kowanne abu ɗaya tak ya iya. Sai ya kulle kowane aiki a cikin kwantenarsa. Kada mai karatu ya ɗauka kwantenar 'yan kasuwa ake nufi. Wannan ba a ganinta da ido, wani ɗan ɗaki ne a cikin kwamfuta da aka zuba wa aikin duk abin da yake buƙata, aka rufe, don kada ya taɓa kayan maƙwabcinsa. Ayyukan nan barci suke yi. Sai saƙo ya shigo Goggo take duba na wane ne, ta tashe shi, ya yi abin da aka kira shi ya yi, ya ba da amsa, ta kashe masa fitila ya koma. Idan kira ya yi yawa ta tashi goma irinsa a lokaci guda, idan ya lafa ta kwantar da su duka. Ba ta barin kowa a farke yana cin wuta a banza. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari da wani suna na Turanci mai nufin wai babu wata uwar kwamfuta a bayansa. Malam Hambali, wanda wuyansa ya yi mako yana ciwo bayan ɗaukar ta, bai taɓa jin sunan nan bai yi tsaki ba.

Abokan sana'arsa sun sha ba shi shawara ya kwashe ayyukan ya kai su manyan injinan kamfanonin ƙasashen waje, inda ba a ɗauke wuta kuma rufi ba ya yoyo. Amsarsa ɗaya ce kullum, cewa abin da ba zai ɗora masa hannu ya ji ɗuminsa ba, ba nasa ba ne. Ya hau saman soro da kansa ya kafa sola. Ya haɗa batura biyu. Ya ɗaure na'urar intanet a jikin gora yana juya ta har ta kalli inda sabis yake, can gefen dutsen Dala. Farkon zuwanta, Goggo takan ɗauki daƙiƙa shida kafin ta tashi aiki ɗaya daga barci. Wata uku ya yi yana rage wa kwantenonin nauyi har ya dawo da shi ƙasa da daƙiƙa guda. Ranar da ya yi nasara ya fito ƙofar gida yana neman wanda zai faɗa wa, ya duba gabas ya duba yamma, ya koma ciki ya faɗa wa Goggo.

Marigayiya mai haƙuri ce, mai riƙon amana, ba ta da tsegumi. A lokacin da take tashe ayyuka arba'in da ɗaya ne a cikinta. Alhaji Gwadabe, dattijon da ke kula da sanarwar masallacin unguwa, saƙo ɗaya yake turawa idan an yi rasuwa ko za a ɗaura aure, kafin ya mayar da waya aljihu labari ya kai Jakara. Malama Sa'adiyya ta Islamiyya da ita take aika wa iyaye sakamakon hadda. Akwai aikin da ke tuna wa tsofaffi lokacin shan magani, akwai wanda ke gaya wa madinka ranar da suka yi alkawarin kaya, wanda shi ne aikin da aka fi tsana a duk unguwar. Ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ɗakin soro yake kamar murhu, iyakarta ta ɗaga murya, "fuuuu", ta ci gaba.

Daga baya duniya ta juya mata baya, kamar yadda takan yi. Kowa ya buɗe guruf a wayarsa. Malama Sa'adiyya ta yi godiya ta janye. Madinka ba su ma yi sallama ba. Ɗaya bayan ɗaya ayyukan suka daina samun mai kira, suna kwance a kwantenoninsu ba wanda ya tashe su, kuma Malam Hambali ya kasa goge ko ɗaya. A shekararta ta ƙarshe uku ne kawai ke farkawa. Akwai na Alhaji Gwadabe, akwai Mai Gadi, akwai Ƙirge. Labarin biyun ƙarshe shi ne labarin rasuwarta, kuma mai sanarwa ya yi wa kansa alkawari zai faɗe shi yadda yake ko da zai ji kunya.

Mutanen gidan su Malam Hambali asalinsu makiyaya ne. Kakansu ne ya bar ruga ya shigo cikin ganuwa. Shanu sun ƙare, harshen ma ya tafi, amma al'ada ɗaya ta maƙale. Kowace safiya babban gida yakan bi ɗaki ɗaki, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira sunan mai ɗakin, ya tambaye shi kwana da ɗan Fulatancin da ya rage musu, "A waali jam?" Ba ya gusawa sai ya ji murya ta ce, "Jam," wato lafiya. Idan bai ji ba ya sake kira. Idan ya sake bai ji ba ya ɗaga labule. A gidan nan ba a karɓar shiru a matsayin amsa, domin kakan ya ce da safe ake ƙirga garke, kuma wadda ba ta yi motsi ba ita ake fara dubawa. Ƙirge suke kiran wannan zagaye.

Gidan mai ɗaki goma sha ɗaya ne. Iyaye suka rasu, 'yan uwa maza suka yi gini a bayan gari suka tashi, sannan shekara shida da suka wuce Allah ya yi wa Yusra matar Malam Hambali rasuwa, ba su samu haihuwa ba. Ya rage shi kaɗai, da ciwon suga, da kwamfuta a soro. Daga ranar da aka share makokin Yusra, yayarsa Adda Turai ta ɗauki ƙirge. Daga gidan aurenta a Ƙofar Dawanau take hawo adaidaita kowace safiya, ta sauka a bakin titi, ta tako lungu huɗun nan da gwiwoyinta masu ciwo, ta tsaya a soro ta kira sunansa. Wani lokaci ko zama ba ta yi. Da ta ji "Jam" sai ta juya.

Shekara biyu tana haka. Shi kuma abin yana damunsa, rabi tausayin gwiwarta, rabi kuma, a faɗi gaskiya, haushin a riƙa duba shi kamar jinjiri. Sai ya zauna ya rubuta aiki mai layi ashirin da shida ya sa masa suna Ƙirge. Kullum bayan sallar asuba Goggo za ta tashe shi ya aika wa Malam Hambali saƙo, "Hambali, a waali jam?" Idan ya amsa, shi ke nan. Idan ƙarfe tara ta yi bai amsa ba, sai ta aika wa Adda Turai cewa ta zo. Ya gwada sau goma sha biyu, bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ya kira Adda Turai ya nuna mata, yana ta murna.

Adda Turai ta daɗe tana kallon akwatin ƙarfen da ke tsaye a kan rabin bulo. Ta ce, "Yanzu Hambali, ƙarfe ne zai riƙa gaishe ka a madadina?"

Ya ce, "Adda, hutar da ke zan yi. In dai kin ji shiru, lafiya ƙalau nake."

Ta ce, "To." Ta gyara mayafinta ta fita. Ba ta yi fushi ba, tana zuwa ran Juma'a wani lokaci, tana aiko da tuwo da salla. Amma ƙirge ya koma hannun Goggo, kuma a ba ta haƙƙinta, shekara huɗu ba ta taɓa fashi ba. Malam Hambali ya saba da ƙarar saƙon har yakan riga shi farkawa ya jira. Akwai ranaku da yawa, ba zai ɓoye ba, da wannan tambayar ita ce kaɗai maganar da aka yi masa daga safe har dare.

Mai Gadi kuwa aikinsa shi ne duk bayan minti biyar ya duba ko Goggo tana da rai, idan ya ga ba daidai ba ya sanar. Aiki ne mai kyau, an rubuta shi da tsafta. Aibinsa ɗaya, a cikin cikin Goggo yake kwana, idan ta mutu tare za su tafi. Duk ɗan koyon sana'ar ya san ba a yin haka, kuma Malam Hambali ba ɗan koyo ba ne. Shekara uku da suka wuce ya rubuta a 'yar takarda, "A fitar da Mai Gadi waje", ya manna a bango saitin idonsa. Takardar tana nan har yanzu, ta yi ja.

Jinyar marigayiya ta fara ne tun bara. Fankarta ta soma tari. Faifan da take ajiya a cikinsa ya fara wani ɗan ƙara idan ta yi nauyi, "ƙat, ƙat, ƙat", kamar mai tauna tsakuwa a shinkafa. An buɗe ta an share, an sa wa fanka mai, ta ji sauƙi. Ba wannan ne ya kai ta ba.

Ranar Talatar, bayan la'asar, aka kece da ruwa irin wanda ba a ganin gidan maƙwabci. Indararon da ke saman soro ya toshe, ruwa ya taru a kan rufin ƙasa. Malam Hambali ya ga azara ta fara ɗiga, ya jefa wa Goggo buhun leda a ka, ya ɗauki tsani ya hau cikin ruwan. Ya fi rabin awa yana zaƙulo ganye da hannu. Ya sauko yana rawar ɗari, wayarsa da ya manta a aljihu ta sha ruwa ta mutu. Ya leƙa soro ya ji "fuuu", ya ce alhamdulillahi, ya sa wa ƙofar gida sakata, ya wuce ɗakinsa can ƙuryar gida don ya sauya kaya. Bai san ruwa ya riga ya bi bango ya sami hanya ta bayanta ba.

Kafin gari ya waye zazzaɓi ya kayar da shi, suga ta taya. Ya yunƙura zai tashi ƙafafu suka ƙi. Mai karatu zai yi mamaki idan aka ce bai ji tsoro ba, amma bai ji ba. Har ɗan murmushi ya yi. Waya ta mutu, ba zai amsa ba, ƙarfe tara Goggo za ta kira Adda. Abin da ya gina domin wannan rana ke nan. Ya kwanta yana kallon hasken da ke tafiya a bango, yana sauraron takun da ya sani, mai ɗan jan ƙafar dama.

Tara ta yi. Aka kira azahar. Ya ce wa kansa ƙila sabis ne, ƙila lungu ya cika da ruwa. Sai da yamma ta yi, masu talla suka daina wucewa, gidan ya yi tsit, sannan ya lura da abin da ya rasa. Shekara bakwai, duk inda yake a gidan nan, yana jin numfashinta can ƙasa-ƙasa, har ya daina sanin yana ji. Yanzu babu. A nan ne tsoro ya zo masa, domin ya tuna da bakinsa ya gaya wa 'yar uwarsa abin da shiru yake nufi.

Ya yi kira. Katangar gidan ta ƙasa ce, kauri kamu biyu, kuma tsakaninsa da soro ɗakuna goma ne ba kowa a ciki. Ruwan buta da dabino huɗu da ya samu a aljihun rigar Juma'a su suka riƙe shi. A masallaci an lura babu shi, amma an san yakan tafi Zariya ko Kaduna haɗa wa mutane na'ura, sai aka ce ya yi tafiya.

Wadda ba ta yarda ba ita ce Inna Ladi mai koko ta bakin lungu. Wannan baiwar Allah ba ta taɓa amfana da marigayiya da komai ba, wayarta ma 'yar ƙarama ce da aka ɗaure da kyauro. Amma Malam Hambali yana da kofinsa na silba da ke rataye a ƙusa a rumfarta. Safiyar Juma'a ta tare Alhaji Gwadabe yana fitowa daga masallaci.

Ta ce, "Alhaji, kofin Malam Hambali kwana uku ke nan yana rataye. Ni fa ban yarda da tafiyar nan ba."

Ya ce, "Haba Inna, ai da wani abu ne da injin nan nasa ya faɗa."

Ta ce, "Ni ban san inji ba. Mutumin da ko kasuwar Kurmi zai je sai ya ce mini kada in rage masa? A dai tura ƙofar a gani."

Aka tura aka ji sakata ta ciki. Aka kira kafinta. Sun wuce ta gaban Goggo a soro, tana lulluɓe da buhun leda, bulon ƙafarta cikin ruwa, ba wanda ya kula da ita, kuma mai sanarwa ba ya ganin laifinsu.

Adda Turai ta iso asibiti da takalmi wari daban-daban. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta zauna a gefen gado ta riƙe ƙarfen gadon, ta ce, "Kwana uku, Hambali. Kullum ƙarfe tara sai in ɗauko waya, in ga ba komai, in ce alhamdulillahi, ƙanena ya tashi lafiya." Daga nan ta juya fuska bango. Ta yi jinyarsa kwana shida, ta dafa, ta wanke, ta raka shi har bakin lungu jiya. Maganar ƙirge ba ta tayar ba. Shi ma bai tayar ba, domin bai san da wane baki mutum zai nemi abin da shi da kansa ya sallama ba.

Malam Hambali yana roƙon jama'a kada a ɗora wa marigayiya laifi. Abin da aka rubuta mata shi ta yi, har numfashinta na ƙarshe. An koya mata ta yi magana idan wani ya yi shiru. Ba a koya mata abin da za a yi idan ita ce ta yi shiru ba.

Ta rasu ta bar marayun ayyuka arba'in da ɗaya, waɗanda rubutun goma sha bakwai ne kawai aka samu a wani wuri. Ta bar batura biyu, ɗaya ya tsufa, da sola a saman soro da har yanzu take tara wutar da ba mai sha. Ta bar na'urar intanet a kan gora tana ƙyafta koren ido. Ta bar wani sabon faifai da aka saya tun bara don a riƙa kwafe ajiyarta, yana nan cikin ledarsa ba a ɓare ba. Ta bar rabin bulo. Ta kuma bar Malam Hambali, wanda yau da asuba ya farka ya zauna a bakin katifa yana jira, sai da aka jima ya tuna.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a yi mata salla ba, liman ya yi bayani kuma an gamsu. Ranar Asabar bayan la'asar za a fito da ita daga soro, a ka, kamar yadda ta shigo, a kai ta wurin masu tsofaffin ƙarafa a Jakara. Za a cire fankar a ajiye a gida. Ba a buƙatar taron rakiya, mutum ɗaya ya isa ɗaukarta.

Zaman makoki zai kasance a soron gidan, kuma ba a sa masa ranar tashi ba. Ba za a karɓi ta'aziyya ta waya ba, wayar ma ta bi ta. Mai niyya ya tako da ƙafarsa, da safe, kafin ƙarfe tara. An shimfiɗa tabarma. An kuma ajiye kujera ɗaya mai majingina a daidai bakin ƙofa, saboda mai ciwon gwiwa, kuma an ba mai adaidaita kwafin takardar nan ya kai Ƙofar Dawanau. Sakatar da kafinta ya ɓalle ba za a mayar ba.

Wanda ya zo bai tarar da kowa a soro ba, ya tsaya ya kira sunan mai gidan da ƙarfi, ɗakinsa yana da nisa. Idan ya ji shiru, don Allah kada ya juya. Ya sake kira.